Kujerar da Baba Ya Hana Mu

Tun ina ƙarama ba a cin galabata a gardama. Malamanmu na sakandare sun riga sun yanke cewa lauya zan zama, ni ma na yarda da su, har ranar da Baba ya kira ni ɗakinsa, takardar neman jami'ata a hannunsa. Baba alƙali ne, shekara da shekaru yana shari'a a Kano. Ya ce in karanta duk abin da raina ke so, ko da gyaran jirgin sama ne, amma ban da shari'a. Ya ce ya roƙi Yayana haka, ni ma yana roƙona: kada ɗayanmu ya taɓa zama a kujerar alƙali. Bai faɗi dalili ba, kuma a gidanmu ba a tambayar Baba dalili. Na ce na yi alkawari, na fita ina kuka, na cike fannin injiniya a takardar.

Yayan nan nawa shi ya koya mini kallon tseren motoci. Ranar Lahadi yakan tayar da janareto da rana tsaka, mu zauna a gaban talabijin muna kallon motoci masu kama da ƙwaro suna zagaya fili ɗaya sau hamsin da wani abu. Mutanen gida suka ɗauka mun zare. Ni kuwa na gane abin tun da wuri: wane ne tayarsa ta cinye, wane ne ya makara wajen taka birki, wane ne ke ɓoye gudunsa sai ƙarshe. Da Allah ya kawo mu ƙasar nan ta Ingila, Yaya ya zama likita a Birmingham, ya kama gida a Lozells, ni kuma ina bincike a jami'a a Manchester, ina haya a Hulme. Duk Lahadin da ake babban tsere nakan hau jirgin ƙasa da safe in tafi wajensa, da hulata mai lambar motar direban da nake so, wadda nake ɗorawa a kan ɗankwali ba tare da jin kunyar kowa ba.

Sai dai tseren da muka taso da shi ba shi ake nuna mana yanzu ba. Kafin a tashi sai an kawo mawaƙi, an kira direbobi ɗaya bayan ɗaya cikin hayaƙi da ƙyalƙyali kamar masu shiga ɗakin biki. Taurarin fim da ba su san gaban mota da bayanta ba suna yawo a tsakanin makanikai, ana ture masu aiki don a ɗauke su hoto. Abin da ya fi ƙona mini rai, motoci biyu na kafaɗa da kafaɗa za su shiga kwana, numfashinka ya tsaya, sai mai kyamara ya ɗauke ka ya kai ka kan fuskar wata mai baƙin tabarau tana tauna cingam. Na sha jifan talabijin ɗin Yaya da filon kujera.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan alƙalan tseren. Laifin da aka hukunta wani a kansa makon jiya, makon nan wani ya yi shi sak, a ce ba komai. Ko a yi karo kowa ya gani da idonsa, sai a rubuto a ƙasan allo cewa za a duba bayan an gama. A gama, a ba da kofi, a yi tsalle, kowa ya watse, sai can da yamma ka ji an sauya sakamako. Kai da ka yi murna ka zama wawa, wanda aka zalunta kuma an ba shi haƙƙinsa bayan an kwashe kujeru. Zaman jiran hukuncinsu ba shi da maraba da jiran sanarwar ganin wata.

Ni ba na iya mita kawai in kwanta. Na rubuta sunana cikin masu aikin sa kai a ƙananan tsere, irin na mutanen da ke gyara motarsu a gareji duk mako su fito ranar Asabar. Aka ba ni kayan aiki ruwan lemo da tutoci, na yi ta tsayuwa a bakin kwana cikin ruwan sama ina ɗaga rawaya ina ɗaga shuɗiya. Rahoton da nake rubutawa kan abin da na gani ba ya kwana, kuma ba a taɓa dawo mini da shi don gyara ba. Wata rana wani dattijo cikin masu shirya tseren ya ce ko zan so a horar da ni in shiga ɗakin da ake yanke hukunci. Na ce masa e tun bai rufe baki ba.

A hanyar gida alkawarin ya faɗo mini. Na yi wa kaina fatawa nan take. Da Turanci sunan aikin ba shi da haɗi da kotu ko kaɗan, suna ne irin na mai kula da baƙi. Alkawarin da Hausa na yi shi, aikin kuma da Turanci za a yi. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki da na gaya masa, ya ce lallai an yi asarar lauya. Amma ya yarda kada mu gaya wa Baba.

Ana saura wata guda a fara horon, Baba ya zo Birmingham a cire masa yanar ido. Ya tsufa, ya daɗe da yin ritaya, maganarsa ta ƙara raguwa tun rasuwar Mama. Lahadin da na je, mun yi azahar mun ci tuwon semo, yana zaune a kujerar kusa da taga, ido ɗaya a rufe da bandeji, carbi a hannu. Na kunna talabijin. Wani mawaƙi na ta tsalle a gaban motoci.

"Biki ake yi?" in ji Baba.

"Tsere ne, Baba," Yaya ya ce.

"To su masu tseren sai yaushe?"

Na ce wa Yaya ka ji ko, har Baba ya gani da ido ɗaya.

Aka tashi. Na ɗauka ma barci ya ɗauke Baba. Ana saura zagaye kaɗan, direbana yana na biyu, ya kutsa ta ciki a wata kwana, ya ture na gaba waje, ya wuce. Na miƙe ina ihu. Yaya, wanda ɗayan ne nasa, shi ma ya miƙe yana nasa ihun. Rubutun nan da na tsana ya fito: za a duba bayan an gama. Direbana ya zo na ɗaya, aka harba wutar ado sama da rana tsaka, aka ba shi kofi.

"Wallahi this is a joke," in ji Yaya. "Ture shi ya yi, kowa ya gani!"

"Racing ke nan, Yaya. In ba ka iya ba ka koma tuƙin bas."

"To, Allah gafarta alƙaliya. Ke da za ki hau kujerar next month, haka za ki riƙa yanke wa mutane?"

Ƙarar carbin Baba ce ta fara tsayawa. Yaya ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita.

"Wace kujera?"

"Baba, ba alƙali alƙali ba ne fa," Yaya ya fara kame-kame. "Steward suke cewa, it's just volunteering, ba kotu..."

"Ba da kai nake ba." Ya juyo da lafiyayyen idon wajena. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, mutum biyu za su zo gabanki, kowa yana cewa shi ke da gaskiya?"

"E, Baba."

"Ki saurare su, ki ce wane ne ya yi laifi?"

"E."

"Abin da kika faɗa kuma ya zauna?"

"E, Baba."

"To mu a Kano alƙali muke ce masa."

Fatawata ta rushe a tambaya uku. Na ji kunya, na ji tsoro kuma, don na san in ya ce a'a, a'a ɗin ce. Ba zan taka maganarsa ba ko da ina da digiri goma. Amma bakina bai mutu ba. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, na ce masa na yi kuskure da na ɓoye, ya yafe mini. Sannan na ce ina son aikin, kuma na san zan iya. Na ba shi labarin mutanen da ke ƙare mako a ƙarƙashin mota don tseren minti ashirin, a ture su, su koma gida ba wanda ya ce musu an zalunce su. Na ce na gaji da zagin alƙalai daga kan kujerar falo.

Baba ya dubi talabijin. Sai ya ce wa Yaya, "Mayar mini da wurin da suka yi karon." Ya tambaye ni abin da dokarsu ta ce. Na ce wanda ya zo ta ciki sai ya kai daidai da na gaba kafin tsakiyar kwanar, kuma ya bar masa wurin da mota za ta wuce. Yaya ya mayar sau uku, a hankali. Baba ya matso har gaban allon.

"Wanne ne naki?"

Na nuna.

"To yanke."

Gaskiya tun ganin farko na sani. Duk ihun da na yi wa Yaya, na sani. Shekara nawa ina bin direban nan, ina kare shi a gaban kowa, ranar da ya yi haɗari ko abinci ban iya ci ba. 

"Nawa ne mai laifi," na ce. "Bai kai ba. Ya makara a birki, kuma bai bar wa ɗayan hanya ba."

"Su ma alƙalan tseren sun gani tun ɗazu," in ji Baba. "Jira suke a gama bikin." Ya koma ya zauna. "Uwata, kin taɓa ganina a majalisar ƙofar gida?"

Ban taɓa ba. Maƙwabta na shimfiɗa tabarma bayan la'asar, Baba ya yi musu sallama ya shige. In an aiko mana da abinci daga wani gida, mu muke ci, shi ba ya taɓawa. Muna yara mun ɗauka girman kai ne, kuma na san unguwa ma haka ta ɗauka.

Ya ce yana da aboki guda tun makarantar allo, kwano ɗaya suke ci. Wata shekara rigimar gona ta haɗa ƙanin abokin da wani baƙo, ta zo gabansa, gaskiya kuma tana wajen baƙon. Ya yanke. Abokin bai ƙara amsa sallamarsa ba har ya bar duniya. Ranar jana'iza a sahun baya ya tsaya. Daga nan bai sake yin aboki ba, don kada a sake kawo masa wani.

"Ba don aikin ba shi da kyau na hana ku ba," ya ce. "Ba na so ku tsufa kamar ni ne."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hawaye kawai nake, ina tuna yawan shekarun da na yi ina jin haushin mutumin nan a kan takardar jami'a.

"Na sake ki daga alkawarin," in ji Baba. "Kin iya, na gani. Amma daga yau ba ki da direba."

Ya miƙo hannu. Sai da na ɗan daɗe kafin na gane. Na cire hular daga kan ɗankwalina na ba shi, ya ɗora ta a gwiwarsa, ya ci gaba da jan carbi. Ina cikin jirgin komawa Manchester Yaya ya turo mini saƙo cewa an hukunta direban, an mayar da shi baya. 

Yanzu ina zama a ɗakin yanke hukuncin tsere. Ba na bari kowa ya tafi gida bai ji hukuncinsa ba, kuma ban taɓa jiran a gama tafi ba. Akwai wani mai tsohuwar jar mota da muka saba shan shayi tare lokacin ina ɗaga tuta. Tun ranar da na yanke a kansa, in ya hango ni sai ya duƙa yana duba taya. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Yaya kuma yana ƙorafin kallo da ni ya daina daɗi, wai na zama kamar gunki a falo.

Hular tana Kano, a rataye a ƙusa a ɗakin Baba. Mutumin da a da sai mu yi wata ba mu ji muryarsa a waya ba, yanzu duk ranar da ya san na zauna, da ya idar da la'asar sai ya kira. Ko gaisuwa ba ya bari mu gama.

"Allah gafarta alƙaliya," yakan ce. "Me aka kawo gabanki yau?"

Sai in ji ya gyara zama.