Wanda Emlyn Ya Tsaya Kusa Da Shi

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Emlyn Rowlands yana da shekara saba'in da takwas. Matarsa Eirlys ta same shi a kan kujerarsa ta bakin taga, shayinsa bai ko huce ba.

Emlyn, mu shida muka fara fasa dutsen rufin gidaje a rami ɗaya tun muna samari, mu shidan kuma muka fito da ƙurar dutsen a huhu. Huɗu sun riga ka tafiya. Yau saura ni kaɗai, Idwal, wanda ka laƙaba wa Sarkin Mita.

Ban manta ranar da likita ya ce shekara biyu ta rage maka ba. Ka miƙa masa hannu ka ce, "Har biyu? Na gode, likita, ai na ɗauka wata biyu za ka ce." Shekara goma sha tara ke nan da wannan magana. Ba zan yi ƙarya a bayan ranka ba, godiya ba ta cire ƙura daga ƙirjinka ba. Amma kana ci, kana barci, kana hawa tudun majami'a da ƙafarka, alhali mu da muka zauna muna tsine wa masu ramin, baƙin ciki yana cin mu tare da ciwon. Kullum da safe sai ka tsare ni a bencin gidan waya.

"Idwal, yau me ka gode wa Allah a kai?"

"Kwana tara ana ruwa, in gode da me?"

"Gode da rufin ɗakinka mana, tsohon banza, ai kai ka fasa dutsensa."

Ban taɓa ba ka amsar kirki ba, abin yana ci mini rai yanzu.

Kai ka tilasta mana shiga ƙungiyar mawaƙan majami'a, ka ce yabo yana buɗe ƙirji. Muna tsayawa a layin baya. A nan muka gane wani abu da ba mu taɓa furtawa ba. Idan ciwon ya fara cin ƙarfin mutum, numfashinsa ba ya kai ƙarshen baiti. Kai ne kake fara ji. Lahadin da ke biye sai ka canza wuri ka tsaya kusa da shi, ka ɗaga murya ka rufe inda tasa ta yanke, don kada matarsa ta ji daga cikin jama'a. Haka ka yi wa Caradog, bai ga Kirsimeti ba. Haka ka yi wa sauran ukun, ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi uku da suka wuce ka bar wurinka ka tsaya kusa da ni. Na ce maka, "Koma inda ka fito, lafiyata ƙalau." Ka yi murmushi ka ce, "Iska ce take shigowa ta can." Tun ranar ban sake yi maka magana ba, har ka tafi.

Ranar Juma'a za mu rera maka waƙar ban kwana, ba mai rufe mini murya, matata Menna kuma tana layin gaba cikin jama'a. Tsoro nake ji, Emlyn. Shi ya sa yau da safe na zaunar da ita zan faɗa mata. Ban gama buɗe baki ba ta ce, "Maigida, na sani tun ranar da Emlyn ya matso kusa da kai. Duk matan garin nan sun san ma'anarsa. Shiru muke yi don ku ci gaba da waƙarku." Sannan ta tambaye ni abin da na gode wa Allah a kai yau. Na ce mata kai ne, Emlyn.

Allah ya ba Eirlys da 'ya'yanku, Tegid da Nerys, haƙuri, ya ta'azantar da dukan ikilisiyarmu. Ubangiji Yesu Almasihu ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya ba ka hutu har ranar tashin matattu. Ni kuma ya ba ni numfashin da zai kai ni ƙarshen baiti ranar Juma'a. In a can ma akwai layin baya, ka ajiye mini wuri kusa da kai, ba na jin zan daɗe. Amin.