Direban da Ya Dawo da Takalmi Ɗaya

Shekarun baya, bayan mahaifiyata ta fita takabar mahaifina, na matsa mata ta zo wurinmu New York ta ɗan huta. Lokacin ni da matata muna zaune a Concourse Village, a Bronx, can sama a wani dogon bene. Ta zo ɗin, amma gangar jikinta ce kawai ta zo. Matar da na sani ko kaza ce ta gifta tsakar gida sai ta yi mata magana, sai ga ta ta koma zaman bakin taga da carbi, tana kallon motoci a ƙasa. Matata ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da mahaifiyar tawa da kanta ta taho mana da ita daga Kano, amma ta yi loma biyu ta ce alhamdulillahi. Ƙannena sun riga sun gaya min cewa tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Ina kallo tana ramewa a gabana, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Wata rana wata babbar mota ta wuce ta ƙarƙashin tagar, ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ko fim ɗin direban nan yana nan a duniya har yanzu?"

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Mahaifina direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas, har ƙarfinsa ya ƙare. Muna yara akwai wani kaset na fim ɗin Indiya guda ɗaya a gidanmu da ya fi komai daraja, wanda wani maƙwabcinmu ya ɗauko mana daga talabijin. Labarin wani direban babbar mota ne da wata yarinya mai sayar da shayi a rumfar babanta a bakin hanya. Sun shirya aure, sai ya ce bari ya yi tafiya ɗaya ta ƙarshe. Damina ce, kogi ya kawo, motarsa ta hau wata tsohuwar gada, ruwa na dukan tayoyi. Daidai nan hoton yake ɗaukewa, talabijin ya hau shuuu. Kaset ɗin na awa uku ne, fim ɗin kuwa ya fi haka, shi ya sa ƙarshensa bai samu shiga ba.

To a nan ne aikin mahaifina yake farawa. Ya ce shi ya kalli fim ɗin gaba ɗaya a silima tun yana saurayi, don haka duk lokacin da hoton ya ɗauke sai ya gyara zama, ya ba mu ragowar da baki. Gada ta karye, mota ta tafi da ruwa, amma direban ya yi tsalle ya kama reshen bishiya. Ya yi ta tafiya a ƙasa, jiki duk taɓo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan kogi ya cinye. Ya iso rumfar shayi, kowa na kuka an ɗauka ya mutu, shi kuwa ya zauna a benci ya ce, "A ba ni shayi, kada a cika sukari." Mu yi ta dariya. Mahaifiyata ta ce, "Kai, Malam, kullum sai ka ƙara gishiri." Amma duk ranar da zai yi tafiya, ita ce take cewa a sa kaset ɗin.

Ni kuma a lokacin da nake ba ku labari, na ɗauki kaina wani babban masanin finafinai. Na ji an sake yin wannan fim ɗin da sababbin 'yan wasa, na rantse ba zan kalla ba. Ra'ayina shi ne duk fim ɗin da aka maimaita an ɓata shi, ba sai na gani ba. Akwai wani abokina, mutumin Maraɗi, mai shagon wayoyi a nan Bronx, wanda muka sha kai ruwa rana da shi a kan wannan batu. In na ce masa sabon fim ai ɗumame ne, sai ya ce, "To, mon frère, ɗan'uwana, da safe mi ya fi ɗumame daɗi?" Ni kuma in ce masa shi dai ba ya da ɗanɗano.

Shi na je wa da maganar. Ya ce in ba shi lokaci, ya san wani Ba'indiye a Queens da ba ya zubar da tsofaffin faifai. Ranar wata Asabar da hantsi ya kira ni shago, ya ajiye min faifai biyu a kan kanta, tsoho da sabo. Na ɗauki tsohon, na tura masa sabon da ɗan yatsa kamar wani abin ƙyama.

Ya ce, "Tsaya. Wanga tsoho, ka taɓa ganin ƙarshenai?"

Na ce na san ƙarshensa tun kafin shi ya san hanyar makaranta, na kuma zayyana masa labarin takalmi ɗaya. Ya dube ni wani iri. Ya ce, "Hajiya za ka sa ma shi, ko? Zauna ka gani tukun." Ya jawo kwamfutarsa, ya tura fim ɗin har wurin gada.

Motar ta hau gada, gadar ta karye, ruwa ya tafi da ita. Na zauna ina jiran reshen bishiya. Babu reshe. Gari ya waye a fim ɗin, mutanen ƙauye suka tsamo gawarsa a bakin kogi. Hoton ƙarshe shi ne yarinyar ta tsufa a rumfar nan, kullum tana zuba shayi a kofi ta ajiye a kan bencin da ba kowa.

Ni da furfura ta fara fito min a gemu, na tsaya baki buɗe a shagon mutane, wata mata na bayana tana tambayar cajar waya. Ashe duk tsawon shekarun nan mahaifina shirya mana ƙarshen yake yi. Abokina ya ce a sabon fim ɗin direban yana dawowa, in tafi da shi ma. Na karɓa don kunya kawai, na cusa a aljihun riga.

A hanya na yi ta saƙa da warwara. Ga mace tana cikin jimamin mijinta direba, ni kuma zan kunna mata mutuwar direba, in kuma nuna mata cewa abin da mijin ya gaya mata ba haka yake ba. Na yanke shawarar zan sa mata tsohon, in an zo gada in kashe, in ba da ƙarshen da baki kamar yadda aka saba a gida. Matata ta ce dabarar ba ta kwanta mata ba, na ce ta bar ni da uwata.

Washegari bayan la'asar na kunna. Waƙar farko na tashi, mahaifiyata ta baro taga da kanta ta dawo kan kujera. Ta fara magana da talabijin kamar dā. Ta ce wa yarinyar ta rage yanga, ta ce wa uban yarinyar Allah ya shirye shi. Matata ta ajiye mata gyaɗa a gefe, ta yi ta ci ba ta ma sani ba. Daɗi ya kama ni har na fara yaba wa kaina. Da motar ta hau gada, na danna na tsayar, na gyara murya zan fara.

Ta ce, "Mene ne kuma? A Amurkar ma yankewa yake?"

Na ce, "A'a, Umma, na ga dai a nan muka saba tsayawa."

Ta ce, "Don kaset ya ƙare ne muke tsayawa. Kai, sakar min abu. Shekara da shekaru ina so in ga shigowarsa da takalmin nan da idona."

Na dubi matata, ta sunkuyar da kai. Ƙarya ta zo min har baki, in ce faifan ya lalace. Amma ban taɓa iya yi wa matar nan ƙarya tana kallon idona ba. Na ce, "Umma, ƙarshen ba daidai yake da yadda Baba ya faɗa ba." Ta ce, "Kunna."

Ta kalla har aka fara rubutun ƙarshe. Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Na zauna ina jin kamar na ɗauki abu ɗaya da ya rage mata na fasa da hannuna. Can sai muka jiyo kuka, kuka sosai, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Na miƙe zan shiga, matata ta riƙe min hannu ta ce, "Ƙyale ta. Wannan ne bai fito ba tun a Kano."

Sai da aka kusa magariba ta fito, idanu sun kumbura. Ta zauna kusa da ni. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma saba doguwar hira da ni ba, amma ranar ta yi. Ta ce ranar da aka fara kawo kaset ɗin, ƙanina na goye, washegari kuma mahaifina zai kama hanyar Legas cikin damina, a makon da aka kawo gawar wani abokin aikinsa. Da hoton ya ɗauke a kan gada, sai ta rikice, ta ce shi ma ba inda za shi. Shi ne ya yi dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai direban ya dawo.

Ta ce, "Ashe ya gani a silima. Ya san mutumin bai dawo ba. Duk tafiyar da zai yi sai na sa ya maimaita min, shi kuma bai taɓa gajiya ba." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Shi dai kullum ya dawo." Sannan ta juya wajen matata ta ce, "'Yar nan, akwai sauran tuwon jiya?"

Bayan 'yan kwanaki na fito da sabon faifan, ina jin nauyin kaina, na ce mata an sake yin fim ɗin, ko za ta gani. Ta ce a sa. Tun daga farko ta fara kushe. Direban ba gashin baki, ta ce wannan ko keke ba za ta ba shi ya tuƙa ba. Yarinyar kuwa ta ce mai sayar da shayi ba ta yin irin wannan kwalliya. Waƙoƙin ta ce hayaniya ce kawai. Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai, ina jin ga shi an tabbatar da ra'ayina.

Sai aka zo gada. Mota ta faɗa ruwa, aka yi ta kuka a rumfar shayi, sai ga direban ya ɓullo daga nesa yana ɗingishi, jiki duk taɓo. Mahaifiyata ta matso gaba har mayafinta ya zame. Ta ce, "Ka gani ko? Yaran nan a wurin babanku suka ji labarin." Ta ƙura wa ƙafafunsa ido, ta ɗan taɓe baki. "Takalmin ne kawai suka manta. Biyu suka bar masa."

Har yau in aka tambaye ni, zan ce tsohon ya fi kyau, waƙoƙinsa sun fi, 'yan wasansa sun fi, kuma ƙarshensa ya fi kama da yadda duniya take. Shi ne ma ya fito mata da kukan da ya tokare ta. Amma na daina raina masu sake fim. Na gane cewa wani lokaci mutum yana maimaita labari ne don akwai wanda yake so ya rarrasa da shi, kuma mutum na farko da na sani da ya sake wannan fim ɗin, da baki ya yi shi, a tsakar gidanmu, don matarsa ta iya barci. Abokina ya sha tsokanata a kai, na kuma bar shi ya ci nasararsa.

Da za ta koma Kano, faifan biyu duk ta sa a jakarta. Ƙanwata ta ce min har yanzu takan sa a kunna mata tsohon, ta kalla tun daga farko, tana faɗa da uban yarinyar. In mota ta hau gada, sai ta ɗaga hannu ta ce, "To, a canza faifai, a sa wanda ya dawo."