Bagirkiyar Tarauni

Lokacin da nake aikin jinya ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, kullum bayan la'asar nakan hau adaidaita zuwa Tarauni in wanke wa wata tsohuwa ciwon ƙafa. 'Yan unguwa Baturiya suke ce mata, ni kuwa Inna. Bagirkiya ce. Wani likita Bakano ya auro ta tun suna karatu a waje, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da jikoki. Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya.

Ran nan ina cikin naɗa mata bandeji sai ihu ya tashi a layi, an biyo ɓarawo. Wani ya yi jifa, gilashin tagar maƙwabta ya tarwatse. Inna ta damƙe hannuna.

"Ɓarawo ne kawai, Inna," na ce.

Ba ta sake ni ba sai da layin ya yi tsit.

"'Yata, ni ba a Girka aka haife ni ba," ta ce. "A Santambul ne, can ƙasar Turkiyya. Kaka da kakanni can muke."

Tana 'yar shekara tara, wani yammaci jama'a suka fito da gatura da sanduna suna bin gidajen Girkawa da shagunansu da majami'unsu. Mahaifinta ɗan kasuwar yadi ne. Wata maƙwabciyarsu Baturkiya ta tura su ƙarƙashin gadonta, ta tsaya bakin ƙofa tana rantsuwa ba kowa a ciki. Washegari Inna ta taka yadin mahaifinta a titi, an yayyaga shi, ya cakuɗe da kwalabe. Kawunta da aka lakaɗa wa duka bai kai mako ba ya rasu.

"Baba bai ƙara buɗe shago ba. Bayan wasu shekaru gwamnati ta ce mu fita daga ƙasar, kowa da akwati ɗaya."

Na tambaye ta ko ta taɓa komawa.

"Wurin wa?"

Na ƙarasa ɗaurin, na kawo mata ruwa ta sha. Ranar a gidanta na yi sallar magariba, ban tafi ba sai da babbar 'yarta ta dawo.

Ƙafar ta warke kafin damina. Inna ta ƙara shekara biyu ta rasu. A wurin gaisuwa na ba babbar 'yar tata labarin, sai ta zuba min ido. Ashe uwar ba ta taɓa gaya musu ba.