Mai Wanke Kwalaben Jini

Yau sau biyu suka ɗebi jinina a asibiti, wai kwalbar farko da sauran sabulu, awon ya ɓaci. Sai na tuna wani tsoho a gidanmu na Zongo, mai wanke musu kwalabe a da.

Wata rana na kai masa koko wurin aiki, hannunsa duk ya yi fari don ruwa. Ya ɗaga kwalba a taga: jini ya kwanta, ruwan ɗorawa a sama. Ya ce, "Ɗana, wannan ruwan likita ke aunawa. In na yi ha'inci, a ba wani maganin da ba nasa ba."

Bara jami'an hukuma suka ce ba shi da takardar zama a ƙasa, suka cusa shi a lori a mai da shi ƙasarsu. Bai kai Nijar ba. Takarda! Allah ya haskaka kabarinsa, ya bi masa hakkinsa.