Kofin da Ba'amurke ya wanke

Jama'a, ku taya ni addu'a, yau na shiga uku!

Kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya gayyaci sabon maƙwabcinmu shan gahawa a gidansa da ke unguwar Ulaisha. Ba'amurke ne, watansa biyu a Riyad. Ni direba, aka sa ni tafinta.

Sai ga 'yar kafili ƙarama ta shigo. Bature ya hau yabon idanunta, har sau uku!

Na raɗa masa, "Ka ce Masha Allah."

Ya washe baki, ya ce, "Insha Allah!"

Yana fita, yarinya ta zame a matakala. Goshi ya fashe, jini ko'ina!

Kafili ya ce, "Kambun baka ne! Kawo kofin da ya sha, a ɗauraye a zuba mata ruwan, shi ne maganin."

Na ruga kicin. Ashe bawan Allah wai ladabi, ya wanke kofinsa tas kafin ya tafi!

Kafili ya miƙo mini roba. "Yalla, je ka karɓo ruwan alwalarsa. In ba haka ba, manta da sabunta iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan."

Ga ni ƙofar mutumin da roba a hannu. Don Allah, yaya ake cewa alwala da Turanci?