Bijiman Baffa da Taraktar Gwamnati

Shekarar da aka kawo taraktar gwamnati yankinmu na Kura, ina koyarwa a firamare, ina da ɗan fili a bakin kanal ɗin ban-ruwa, ina kuma da baki. Baffana, ƙanen mahaifina, bijimai biyu gare shi da garma. Da su yake yi wa mutane huɗa, da su yake ciyar da gidansa.

Gwamnati ta ce ta sa tallafi. Abin da za ka biya tarakta ta kafce maka gona bai kai kuɗin dusar bijiman Baffa ba. To wa zai ja da wanda bai san asara ba? Kowa ya bi layi a ofishin gona. Ni ma na bi, na ja hula har gira. Sai ga Baffa ya zo wucewa da shanunsa. Ya ce, "Malam, sannu da aiki."

Taraktar nan ba ta san iyaka ba. Ta rusa bakin magudana, in za ta juya kuma sai ta bi ta kan albasar maƙwabci. Aka ce ai araha ce.

Rani biyu Baffa yana ciyar da dabbobin da ba mai nemansu. Ni na zaunar da shi na yi masa bayanin zamani, har da zane a ƙasa. Na ce, "Baffa, an wuce wurin. Ka sayar kawai."

Ya ce, "To, ku ne masu boko."

Ranar da aka kora bijiman kasuwar Wudil, ko ƙofar gida bai leƙo ba.

Ba a jima ba gwamnati ta ce aljihunta ya huje, tallafi ya tsaya. Wani ƙarfe ya karye a cikin taraktar, aka ce sai an aiko daga waje. Har yau ana aikowa. Kaji dai sun samu wurin ƙwai.

Lokacin shuka alkama ya zo, ita kuwa ba ta jira, in sanyi ya wuce shi ke nan. Duk garin babu mai shanun huɗa ko ɗaya. Wallahi kunya ta kusa kashe ni, amma na je wurin Baffa, wai ko ya san wani mai shanu a Bunkure.

Na same shi a gonarsa yana kaftu da hannu, tsoho da shi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ja ni gida, muka wuce turakun shanun nan biyu da ba komai, ya sauko da wani abu daga saman rumbu.

Ya ce, "Garma tana nan lafiya lau, ɗana. Ga kuma karkiyar da ake ɗora musu a wuya. Ka nemo wani mai bokon, ku zama biyu."