Wasan Wutar Dubai a Falonmu na Bolori

Shekarun baya, lokacin da Maiduguri ke kulle ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, na taɓa shirya wa iyalina tafiya Dubai. Ni da ko Kano sai in shekara biyu ban leƙa ba. Sana'ata bandar kifi ce a kasuwar Baga Road, kuma a lokacin kifin ma ya fara yi mana wuyar gani, don hanyar tafkin da ake kamo shi ba ta biyuwa.

Dalilin tafiyar autata ce, tana da shekara shida. Wata rana suna dawowa daga unguwa da mahaifiyarta, bom ya tashi a bayansu, ba nisa. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba su yi ba. Amma tun daga ranar, yarinyar da ke cika mana kunne da surutu ta koma daga "e" sai "a'a", wani lokacin ma kai kawai take gyaɗawa. Mun je asibiti, an yi addu'o'i, kowa ya ce a ba ta lokaci. Ni kuwa tsorona kada lokacin ya tafi da muryarta gaba ɗaya.

Ina da wani aboki ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan lantarki a Moduganari, yana zuwa Dubai saro kaya. Da na faɗa masa damuwata, sai ya buɗe durowa ya miƙo mini faifan bidiyo da wata takarda mai taswira.

"Alaji, kai wa yaro ya gani," in ji shi. "Wurin wasa ne a Dubai, ya kai unguwarku Bolori girma. Ko dutse ya shiga wurin nan sai ya yi dariya."

Bayan la'asar, dokar hana fita ta tara mu gida, ga layukan waya a katse. Na baza taswirar a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. Yayyenta mata biyu suka rufa a kai suna ihu. Ita kuwa ta daɗe tana kallo daga nesa, sannan ta matso ta ɗora yatsa a kan wani ƙaton lilo mai kama da tayar keke.

"Baba, in wannan ya kai sama, ana hango gidanmu?"

Wata huɗu rabon da in ji jimla cikakkiya daga bakinta. Matata ta ja gefen lafayarta ta rufe fuska, wai hayaƙin murhu ne ya shige mata ido.

Daga ranar na zama babban jagoran tafiya. Kullum da yamma sai mu hau jirgi daga kan tabarmar nan. Muka tsara ranar farko da ta biyu, da wanda zai zauna kusa da taga. Muka bi kogin da ke ratsa cikin wani gidan sarauta na tatsuniya, muka hau jirgin ƙasan da ke juyewa a sama, ni da ko tsani na hau sai kaina ya yi ta juyawa. Matata ta ce ita ba za ta kwana a ɗakin da ba a yi wa turaren wuta ba, ko da otal ɗin na zinariya ne, don haka kaskonta na cikin kaya. Autar ce mai yanke hukunci a kan komai, kuma kowane hukunci da baki take yanke shi. Har hoton fasfo na kai su aka ɗauka. A raina na san tafiyar ta fi ƙarfina, amma wallahi wani lokacin ni ma sai in ji iskar wurin a fuskata.

Faifan kuwa ya yi makonni a ajiye saboda rashin wuta. Ranar da aka kawo ta, muka jeru a falo, na ƙure sauti don a ji daɗin kiɗan. Komai ya tafi daidai sai can ƙarshe, aka hasko taron mutane sun ɗaga kai sama. Sai ji muka yi dum! dum! tatatata!

To, a gidanmu akwai doka, kamar kowane gida a garin a lokacin: in ka ji ƙara ba gudu, ba leƙe, ka kwanta ruf da ciki, hannu a ka. Kafin ƙiftawar ido mu biyar muna ƙasa. Ni har kaina na cusa ƙarƙashin kujera, tumbin ya ƙi shiga. Muna nan kwance sai muka ji tafi da shewa daga talabijin. Ashe wasan wuta ne, da shi ake rufe wurin kowace yamma.

Yayyen suka fashe da dariya. Autar ba ta yi ba. Ta ɗago tana kallon yaran da ke kan kafaɗun iyayensu.

"Me ya sa ba su kwanta ba? Babu wanda ya koya musu?"

Kwana uku ba ta zo kan tabarma ba, ba ta kuma ce uffan ba. Na ji kamar ni na tayar mata da bom na biyu da hannuna.

Sai na ɓullo da dabara, irin ta mai son gyara ɓarnarsa. Kullum aka kawo wuta zan sa faifan daidai wurin wasan wutar ba sauti, gobe in ɗan ƙara, har ta saba ta iya kallo a tsaye. Mun yi kwana biyu a haka matata ta tare ni a tsakar gida.

"Baban yara, ka yi tunani kuwa? Kana koya mata tsayuwa a garin da kwanciya ce ke ceton rai. Ranar da na gaske ya tashi fa?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ni ma ba ƙarya nake yi ba. Muna tsaye cirko-cirko, ashe yarinyar na bakin ƙofa tana jinmu.

"Umma, ai na san yadda za a yi," ta ce. "In na ji ƙara zan kwanta, amma a kan bayana. Sai in kalli sama. In da launi, na wasa ne."

Ta wuce falo ta kwanta rigingine a gaban talabijin, ta ce in sa, kuma in ƙara sauti. Muka bi ta ɗaya bayan ɗaya muka kwanta. Haka muka kalli wasan wutar Dubai, mu biyar a jere a kan leda, ja da kore suna wulgawa a jikin silin ɗinmu, tana faɗa mana sunan kowane launi.

Ba mu je ba. Hanyar kifi ta ƙara rufewa, rayuwa ta ja mu wani wajen, yaran suka girma. Yau autar nan in ta fara magana sai an roƙe ta ta numfasa, kuma takan tsokane ni da cewa har yanzu tana jiran kujerarta ta kusa da taga.

Idan na tuna, daɗi da ciwo ne ke zo mini tare. Daɗi don muryarta ta dawo, ciwo don yarinya 'yar shekara shida ce ta zauna ta yi wannan tunanin. Har gobe in taya ta fashe a titi, gwiwoyina ne ke fara lanƙwashewa. Amma kafin in kai ƙasa, sai in tsinci kaina na ɗaga ido sama, ina duba ko da launi.